Gasar Fantasy a Jega, Aliero da Maiyama: Me Ke Kashe Ta a Ƙarshen Kaka?

A watan Agusta, lokacin da ake buɗe gasar Firimiyar Ingila, ba a rasa ɗan takara. Wani zai buɗe gasar abokai a manhajar Fantasy Premier League, ya tura lambar shiga a guruf ɗin WhatsApp, kafin gari ya waye an cika: ɗalibin jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, mai shagon caji a tashar Jega, malamin firamare a Maiyama, har da ɗan gari da ke neman kuɗi a Legas. Kowa da sunan ƙungiyarsa, kowa da cika bakinsa. Amma a leƙa guruf ɗin a watan Afrilu. 'Yan ƙalilan ne ke magana, saura sun yi tsit, wasu ma ɗan wasan da ya karye tun Janairu na nan a ƙungiyarsu ba su cire shi ba. Masu maganar kuma rabin zancensu na kuɗi ne.

Wasan kansa kyauta ne. Tun kakar 2002/03 ake buga shi, kuma a 'yan shekarun nan masu yin sa sun haura miliyan 11 a duniya. Ana ba ka fam miliyan 100 na wasa ka sayi 'yan ƙwallo 15, kada su wuce uku daga kulob ɗaya. Abin da suka yi a fili shi ne makinka: ɗan gaba ya ci ƙwallo ka samu 4, ɗan tsakiya 5, ɗan baya 6, wanda ya miƙa aka ci 3, makin kyaftin kuma a ninka. Kana da canji ɗaya kyauta kowane mako. In ka wuce abin da kake da shi, a yanke maka maki 4 kan kowane ƙari. Haka har mako 38.

Me ya sa ya kama a garuruwan nan? Gidan kallo ne ya share masa hanya. Shekaru aka yi ana musun Arsenal da Chelsea da Manchester United a majalisa da teburin mai shayi, musun da ba shi da alƙali, mai ƙarfin murya ne ke cin nasara. Fantasy ta kawo alƙali. Duk wanda ya ce ya san ƙwallo, ga teburi nan, ranar Litinin kowa zai ga inda sunansa yake. A ganina wannan ne babban dalili, ya fi duk sauran nauyi.

Sauran dalilan na aljihu ne. Wayoyin Tecno da Itel da Infinix sun shiga hannun kowa. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya sa kunna janareta a gidan kallo ya zama aiki, kuɗin shiga ya tashi, matasa da yawa suka koma bin sakamako a waya. Ko da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, duba maki bai kai kallon wasa cin data ba. Jami'ar Aliero, wadda aka kafa a 2006, tana tara samari daga wurare daban-daban, su koya wa juna, su kai wa ƙannensu gida lokacin hutu. Sai kuma ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, wanda ya koya wa kowa tura kuɗi ta OPay da Moniepoint. Da can tara karo-karon mutum ashirin da ke garuruwa uku wahala ce. Yanzu lambar asusu ɗaya ta isa. Ta wannan ƙofar kuɗi ya shigo wasan.

Ƙarshen kaka yana da nasa halin, kuma yawancinsa daga tsarin wasan yake. Maki taruwa yake yi. A kakar 2024/25 Mohamed Salah ya ci ƙwallo 29, ya tara maki 344, abin da ba a taɓa yi ba. Wanda bai ɗora masa kyaftin da wuri ba, kafin tsakiyar kaka an yi masa nisan da ba ya kamuwa. Wanda ke sama kuwa dabararsa sananniya ce: ya leƙa ƙungiyar na biyu, ya sayi irin 'yan wasansa, ta yadda duk abin da suka ci tare suka ci. Mai bi dole ya nemi ɗan wasan da ba kowa ke da shi ba, ya yi ta canji ana yanke masa maki. Wani lokaci ya dace, galibi ya ƙara nutsewa.

Akwai kuma katunan nan na musamman: mai ba ka damar rushe ƙungiya ka sake gina ta, mai ninka kyaftin sau uku, mai sa a ƙirga makin 'yan benci, da na sauyin mako guda. Saboda wasannin Kofin FA, a watannin ƙarshe akan sami makon da wasu kulob ba su da wasa da makon da suke buga biyu, kuma a nan ne katin ke yin tsada. Mutumin Aliero bai buƙatar a yi masa bayanin wannan, domin daidai yake da ajiyar albasa: ka sayar lokacin girbi ka yi asarar riba, ka jinkirta da yawa ta ruɓe a hannunka. Sai dai ko mai haƙurin ajiya ba shi da iko da kociya. Kulob ɗin da ya kai zagayen ƙarshe a Gasar Zakarun Turai yakan ajiye manyan 'yan wasansa ranar Asabar, sai ka ga kyaftin ɗin da aka ninka sau uku ya shigo minti goma a ƙarshe, ya fita da maki ɗaya, a ninka ya zama uku kacal.

Rayuwar gari ma na da nata hannu. Ana rufe canji minti 90 kafin wasan farko na mako. Daga ƙarshen Maris agogon Ingila da namu ɗaya ne, don haka in wasan farko na 12:30 ne ranar Asabar, ƙarfe 11 an rufe; in na daren Juma'a ne, 6:30, ana haramar magariba. Lokacin kuwa tsakiyar zafin bazara ne, wuta ba tabbas, waya na wurin mai caji. Ɗalibai na fama da JAMB da WAEC. Manomin Maiyama ya shiga sharar gona. Wanda aka bari da tazarar maki 150, me zai sa ya bar aikinsa ya tsaya zaɓen mai tsaron gida?

Duk wannan ba zai ɓata tsakanin abokai ba in ba don tukunyar kuɗi ba. Tsarin da aka fi yi shi ne kowa ya kawo wani abu, na ɗaya ya kwashe. A Agusta wasu sukan ce: "Oga admin, sa sunana, in albashi ya shigo zan turo." A Afrilu, da ya ga yana na sha bakwai, sai ya ce ai shi dama don nishaɗi ya shiga. Wani admin ɗin kuma buƙata ta taso ya taɓa kuɗin da niyyar mayarwa. Wani ya buɗe ƙungiya biyu da sunan ƙanensa. Na ɗaya ya fara tambaya a fili, a mayar masa da baƙar magana, wani ya fice daga guruf, gobe a haɗu a masallacin unguwa gaisuwa ta yi sanyi.

Sai babbar magana, wadda da yawa ba sa son a ɗauko. Masu kare tukunyar sukan ce wannan ƙwarewa ce, ba sa'a ba. Lallai akwai ƙwarewa, ban musa ba. Amma idan kowane ɗan takara ya zuba kuɗinsa, ɗaya ya tafi da na saura bisa abin da wasu suka yi a wani fili a Landan, wannan siffar caca ce, wadda Suratul Ma'ida ta haramta a fili. Kebbi na cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'a tun 2000, kuma Kotun Ƙoli ta yanke a Nuwamban 2024 cewa sha'anin caca hurumin jihohi ne, ba na tarayya ba. Hisbah na iya rufe shago, amma ba ta ganin asusun admin. Abin da ya fi damuna shi ne matakin gaba. Yaron da ya haddace jadawali da tarihin kowane ɗan wasa yakan fara jin cewa ya san abin da zai faru ranar Asabar. In ya ga ba zai ci tukunya ba, manhajar caca tana nan a wayar, tana yi masa alƙawarin mayar da asararsa a yini ɗaya.

Ba na cikin masu cewa a watsar da wasan. Yana koyar da lissafi da tsara abu tun daga nesa. Yana riƙe zumunci tsakanin wanda ke gida da wanda ya tafi ci-rani. Ya ma rage gabar kulob: ɗan United da ya sayi Bukayo Saka ba ya zagin Arsenal ranar da Saka ya ci. Illarsa ta gefe ita ce saurayi ya san ɗan bayan Brentford bai san mai tsaron ragar unguwarsu ba, amma wannan ciwo ya girmi Fantasy.

Gyaran ba shi da wuya. Manhajar tana nuna teburin kowane wata daban, don haka a riƙa naɗa gwanin wata; wanda aka bari a baya tun Disamba yana da abin nema a Afrilu. Akwai tsarin karawa ɗaya da ɗaya da kuma kofin kifa-ɗaya-ƙwala a makonnin ƙarshe. In ana son kyauta, ta fito daga hannun wanda ba ya cikin takara, wani yaya ko ɗan kasuwar unguwa, riga ce ko ƙwallo, kuma a tuntuɓi malami kan yadda za a tsara ta. Dokoki a rubuta su tun Agusta, mutum ɗaya ƙungiya ɗaya, ba a fafe gora ranar tafiya.

Kai kuma ɗan'uwa admin da kuɗin bana ke hannunka, kada ka jira mako na 38. Kira 'yan guruf yanzu, ka mayar wa kowa nasa, ko in sun yarda a saya wa ƙungiyar unguwa riguna da ƙwallo.