Hatsarin Tashar Nukiliya ta Carnobil: Wace Illa Ya Bari a Jikin Mutane da Muhalli?

A daren 26 ga Afrilu, 1986, injin na huɗu na tashar lantarki ta nukiliya da ke Carnobil, a arewacin Yukren, ya fashe. A lokacin Yukren tana cikin Tarayyar Sobiyet. Injin ya yi kusan kwana 10 yana fitar da burbushi mai guba, iska kuma ta kwashe shi zuwa Belarus da Rasha da wasu sassan Turai. Tun daga lokacin likitoci ke bibiyar lafiyar waɗanda abin ya shafa. Abin da aka gano shi ne, cutar da ta fi yaɗuwa ta shiga jikin yara ne ta abinci, kuma da an hanzarta ɗaukar mataki da an kauce wa mafi yawanta.

Yadda tururin nukiliya ke cutar da jiki

Tururin nukiliya ba a ganin sa, ba shi da wari, mutum ba ya jin shigarsa. Yana ratsa ƙwayoyin halittar jiki ya lalata tsarin da ke sarrafa girmansu. Idan ya yi yawa a lokaci guda, yana kashe ɓargo da fatar hanji, sai mutum ya kamu da amai da gudawa da ƙunar fata da zubar jini. Ma'aikata da 'yan kwana-kwana 134 ne aka tabbatar sun kamu da wannan matsananciyar cuta a Carnobil, 28 daga cikinsu suka rasu cikin 'yan watanni. Idan kuwa tururin kaɗan ne, ba a ganin komai nan take, sai dai haɗarin ciwon daji ya ƙaru bayan shekaru.

Madara da maƙogwaron yara

A gaban wuya akwai wata 'yar halitta da ake kira tayirod, wadda kumburinta ne muke kira maƙoƙo. Aikinta yana buƙatar sinadarin ayodin, kuma ba ta bambance mai kyau da mai guba. Daga cikin abin da injin ya fitar akwai ayodin-131 mai guba. Ya sauka a kan ciyawa, shanu suka ci, ya shiga madara, yara suka sha. Da ma mutanen yankin suna fama da ƙarancin ayodin a abincinsu, don haka tayirod ɗin yaran ta zuƙe shi sosai.

Ƙarfin ayodin-131 yana raguwa da rabi duk kwana 8, wato cikin 'yan watanni ya ɓace. Amma ɓarnar da ya yi ta zauna. Daga wajen 1990 aka fara ganin ciwon dajin tayirod ya yawaita a yara, alhali cuta ce da ba kasafai take kama su ba. Zuwa 2005 an samu fiye da mutum 6,000 da cutar cikin waɗanda suke yara ko matasa a lokacin hatsarin, a Belarus da Yukren da yankunan Rasha. Wannan ciwon yana jin magani, domin zuwa wannan shekarar mutum 15 ne suka rasu. Sai dai wanda aka cire wa tayirod zai ci gaba da shan magani iya rayuwarsa.

Ƙasar Folan ta yi saurin raba wa miliyoyin yara ayodin na kariya, ta kuma taƙaita shan madarar da ake zargi. Haka Japan ta hana sayar da madara da ganyayyakin yankin Fukushima bayan hatsarin Maris 2011, shi ya sa abin da ya shiga jikin yaran can bai kai na Carnobil ba ko kusa.

Sauran cututtuka

Mutane fiye da 500,000 ne suka yi aikin share wurin. A cikin waɗanda tururin ya fi shiga jikinsu an ga ƙaruwar sankarar jini da yanar ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hasashen cewa mace-macen da hatsarin zai jawo za su iya kai 4,000 cikin mutum 600,000 da abin ya fi shafa. Wannan ƙiyasi ne, wasu masana suna ganin adadin ya fi haka idan aka haɗa da sauran Turai.

Iyaye da yawa sun ji tsoron illar za ta bi jini. Binciken da aka wallafa a 2021 kan 'ya'ya 130 da aka haifa bayan hatsarin bai ga ƙarin sauyi a ƙwayoyin gadonsu ba.

Ciwon da ya fi kama mutane da yawa shi ne na zuciya da tunani. An kwashe mutum kusan 116,000 daga gidajensu a 1986, har da duk mazauna garin Pripyat, daga baya aka ƙara kwashe fiye da 200,000. Rabuwa da gona da dangi, da zaman jiran cutar da ba a san ranar zuwanta ba, sun haifar da damuwa da rashin barci da shaye-shaye. Hukumar ta bayyana wannan a matsayin babbar matsalar lafiyar jama'a da hatsarin ya bari.

Ƙasa da dabbobi

Sinadarin siziyom-137 yana ɗaukar kimanin shekara 30 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Yana zama a saman ƙasa, tsirrai su zuƙe shi, dabbobi su ci. Bishiyoyin dajin da ke kusa da tashar sun mutu suka koma ja, har ake kiran wurin Jan Daji. A Birtaniya sai a 2012 aka ɗage takunkumin ƙarshe kan tumakin wasu gonaki. A kudancin Jamus har yanzu ana gwada naman aladen daji kafin a sayar. Yankin da aka killace, mai nisan kilomita 30 daga tashar, ya cika da namun daji saboda mutane sun tashi, amma hakan ba ya nufin ƙasar ta tsarkaka. A 2016 aka tura wani ƙaton rufin ƙarfe a kan injin da ya fashe.

Abin da iyali ya kamata su sani

Idan irin wannan hatsari ya faru a inda kuke, ku shiga ɗaki ku rufe ƙofa da tagogi, ku cire kayan da kuka shigo da su, ku yi wanka da sabulu. Ku guji madara da ganye da ruwan da ke buɗe a yankin har sai hukuma ta ce babu matsala. Ƙwayar ayodin ta kariya tayirod kaɗai take karewa, kuma ana shan ta ne bisa umarnin jami'an lafiya, yara da masu juna biyu su ne kan gaba. Gishiri mai ayodin yana hana maƙoƙo, yana da kyau a riƙa amfani da shi kullum, amma ba ya maye gurbin wannan ƙwaya. Duk wanda ya ga ƙulli a wuyansa, ko muryarsa ta daɗe a dushe, ya je asibiti a duba shi, ko da bai taɓa kusantar tashar nukiliya ba.