Hutu a Bakin Tekun Zanzibar: A Bar Biyan Kuɗi Ya Zo Daga Ƙarshe

A can ƙarshen arewacin Unguja, babban tsibirin Zanzibar da ke ƙasar Tanzaniya, akwai wani gari da ake kira Nungwi. Asalinsa garin masunta ne da masassaƙa jiragen ruwa na katako, kuma har gobe ana sassaƙar a bakin gaɓa, sai dai yanzu otal-otal sun jeru a kan farin yashin, hotunansu sun cika Instagram da TikTok. Cikin masu kallon hotunan nan har da mutanenmu: ango da amarya, ɗan kasuwar da hayaniyar kasuwa ta gajiyar, magidancin da ke son 'ya'yansa su ga teku ko da sau ɗaya ne. Son hutawa ba aibu ba ne, Zanzibar kuwa wuri ne da ya cancanci a je. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake shirya tafiyar. Akasari mutum yakan fara da abin da ya kamata ya zo ƙarshe. Da ya ga rangwame sai ya tura kuɗin tikiti da na ɗaki, daga baya ya shiga tambayar biza, da yanayin gari, da halin tekun. Alhali waɗannan ne ke iya rusa tafiyar gaba ɗaya, kuma babu wanda ke duba rasit a cikinsu.

Biza ce kan gaba, domin a nan aka fi tafka asara. Baƙi da yawa daga Turai da Amurka suna karɓar bizarsu a filin jirgin sama na Abeid Amani Karume bayan sun sauka, kuma yawancin bayanan da ke yawo a intanet don su aka rubuta. Mai fasfon Nijeriya ko Nijar ko Chadi lissafinsa daban ne. Ƙasashen nan sun daɗe cikin jerin waɗanda sai babban ofishin hukumar shige da fice ta Tanzaniya ya duba takardun mutum ya amince tukuna, ba a buga musu biza a bakin ƙofa. Ana cike takardar nema ta intanet, sannan a zauna jira. Hukumar da kanta ta ba da shawarar a nema tun da sauran aƙalla wata 2, ta kuma ja kunnen masu nema kada su sayi tikiti ko su biya kuɗin masauki kafin amincewa ta fito. Ke nan masu ƙasar ne da bakinsu ke cewa a riƙe kuɗi a aljihu. Dokokin biza sukan canza, shi ya sa ya dace a tabbatar daga shafin hukumar ko ofishin jakadancin Tanzaniya a makon da za a fara shiri, kada a dogara da bidiyon wani da ya je shekara uku da suka wuce. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne.

Za a ce ai don haka ake da kamfanonin shirya tafiye-tafiye, mutum ya biya su su ɗauke masa ciwon kai. Gaskiya ne akwai na kirki, masu rajista da ofis da suna da suke tsoron ɓatawa, kuma aikinsu yana da amfani, musamman ga wanda bai taɓa fita ba. Amma babu ejan da ke da ikon ba da biza, iyakarsa ya cike takarda daidai ya miƙa. Duk wanda ya yi rantsuwar biza za ta fito cikin kwana uku muddin aka biya kuɗin tafiya gaba ɗaya yau, ya yi alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba. Tambayar da ke bambance na gaskiya da ɗan damfara ba ta da wuya: idan aka hana biza, ko ta makara, nawa za a mayar, kuma a ina aka rubuta hakan? Wanda ya kasa nuna amsar a rubuce, a bar shi. Haka nan, kafin a tura ko sisi, a samu lambar otal ɗin daga shafinsa na ainihi, a kira a ji ko da gaske an kama ɗaki da sunan matafiyi. Sato hoton otal a buɗe shafi da shi bai fi aikin minti biyar ba, kuma kuɗin da aka tura asusun wani mutum maimakon na kamfani da wuya su dawo.

Akwai sauran takardu da su ma ba a fafe goransu ranar tafiya. Wanda ya fito daga ƙasar da ake samun cutar shawara, kamar Nijeriya, ana iya neman ya nuna katin allurar rigakafinta, katin kuwa ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Tun daga shekarar 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, don haka babu dalilin sayen katin bogi a bakin filin jirgi, wanda ba ya kare jiki daga komai. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6. Sannan tun daga ranar 1 ga Oktoba, 2024, gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfanin inshora na gwamnatinta, wadda aka fara da dala 44 kan kowane babba, ko da mutum yana da wata inshorar daga gida. Ga mai iyali wannan kuɗi ne, kuma sau da yawa ba ya cikin farashin da aka tallata, kamar yadda harajin kwana na otal da kuɗin mota daga filin jirgi ba sa ciki. Tsakanin birnin Zanzibar da Nungwi akwai kusan kilomita 60.

Sai batun lokaci. Hoton da ke cikin waya na rana ɗaya ne, kuma mafi kyawun ranar aka zaɓa. Zanzibar tana kudu da tsakiyar duniya, kalandar ruwanta ba irin tamu ba ce. Babbar daminarsu tana farawa cikin Maris ta kai ƙarshen Mayu, Afrilu ne tsakiyarta, wato daidai lokacin da zafin bazara ke korar mutum daga Kano ko Sakkwato ko Maraɗi yana marmarin iskar teku. A 'yan shekarun nan kuma ƙaramar Sallah cikin Maris ko Afrilu take faɗowa, saboda haka mai shirin hutun Sallah yana iya zuwa ya iske sama a rufe, ruwa na zuba kwana da kwanaki, wasu otal ɗin ma sun rufe don gyare-gyare. Rangwamen da ya ja hankalin mutum tun farko, sau da yawa wannan ne sirrinsa. Akwai ƙaramar damina wajen Nuwamba zuwa Disamba, wadda ba ta kai waccan nauyi ba. Daga Yuni zuwa Oktoba gari a bushe yake da ɗan sanyi-sanyi, Janairu da Fabrairu kuma rana ce mai zafi. Wanda ya zaɓi arahar damina da saninsa bai yi kuskure ba, mai yiwuwa ma ya fi samun natsuwa. Wanda aka cuta shi ne wanda ya biya yana zaton rana zai sha.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne tekun kansa, kuma a nan ne mutumin tudu ya fi ƙarancin sani. Teku yana cikowa ya janye kusan sau biyu a kowace rana, lokacin kuma yana matsawa gaba da kusan minti 50 kullum. A gaɓar Zanzibar bambancin tsayin ruwa tsakanin cikowa da janyewa yakan kai kusan mita 4 a lokacin da ya fi ƙarfi, wato farkon wata da tsakiyarsa, abin da mai bin lissafin watan Musulunci zai iya ƙiyastawa tun daga gida. A garuruwan gabas irin su Paje da Jambiani, ruwan yakan ja baya ɗaruruwan mitoci, ya bar fili da mata ke noman ciyawar teku a ciki. Baƙo sai ya ga sarari, ya kama tafiya da yara yana ɗaukar hoto, bai san ruwan zai dawo ba, bai kuma san yana iya cike kwarin da ke bayansa kafin ya iso inda yake tsaye ba. A cikin filin akwai wata halitta mai dogayen ƙayoyi da ke karyewa cikin tafin ƙafa, shi ya sa ba a shiga ba takalmi. Nungwi da maƙwabciyarta Kendwa sun yi suna ne saboda janyewar ruwan ba ta da nisa a can, ana iya wanka kowane lokaci. Amma ma'anar hakan ita ce zurfi yana kusa da gaɓa. Zaɓen gari, ashe, ba batun kyan ɗaki kaɗai ba ne, ya danganta da su wa za a tafi da su da kuma ko sun iya ruwa.

Wani zai ce shi a bakin kogi ya tashi, tun yana yaro yake ninƙaya. Ruwan kogi gefe ɗaya yake tafiya, kuma ana ganin inda ya nufa. Teku yana da wata igiya da ke jan mutum daga gaɓa zuwa ciki ta wani siririn layi, sau da yawa a daidai wurin da ruwan ya fi kama da mai lafawa. Gwanin da ya yi ƙoƙarin komawa gaɓa kai tsaye yana kokawa da ita, ƙarfinsa ne zai fara ƙarewa. Abin da masu aikin ceto ke koyarwa shi ne mutum ya natsu, ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu a gan shi, idan zai iya ya yi iyo a gicciye, wato ya bi tsawon gaɓar har ya fita daga layin, sannan ya juyo. Wanda ke tudu kuma kada ya faɗa ruwa haka kawai don ceton wani, ya yi kururuwa, ya jefa abin da ke yawo a kan ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kuma ƙananan yara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Nutsewa ba ta da hayaniya, yaro yana iya tafiya a tafkin wanka na otal iyayensa na zaune kusa suna latsa waya. Ba kowace gaɓa ce ke da mai tsaro ba. Ko su mutanen tsibirin ba duka suka iya ruwa ba, har akwai wata ƙungiya a Nungwi mai suna Panje da ta duƙufa kan koya wa yara da mata iyo. Idan 'yan gida suna zuwa koyo, baƙo ba shi da abin taƙama.

Haka batun jiragen ruwa yake. Rabin daɗin Zanzibar a kansu yake: zuwa kallon kifaye kusa da tsibirin Mnemba, ko tudun yashin Nakupenda da ke ɓacewa idan ruwa ya ciko, ko fita da yamma cikin jirgi mai filafilai. A bakin gaɓa samari za su yi ta tayi, kowa na karya farashin ɗan'uwansa. Mutanen Zanzibar sun san abin da lodi ya wuce kima ke haifarwa. A ranar 10 ga Satumba, 2011, jirgin Spice Islander ya kife a hanyarsa daga Unguja zuwa tsibirin Pemba, ba nisa da gaɓar Nungwi, ɗauke da mutane fiye da ƙarfinsa, ɗaruruwa suka rasa rayukansu. Cikin Yulin 2012 kuma jirgin Skagit ya nutse tsakanin birnin Darussalam da Zanzibar. An ƙara sa ido kan manyan jirage tun daga nan, kuma dubban mutane na tsallakawa lafiya a kullum. Amma ƙaramin kwalekwalen da aka yi ciniki a kan yashi, fasinja ne mai bincikensa. A ƙirga rigunan kariya daga nutsewa kafin a hau, a ga akwai daidai da yara, a sa su a jiki maimakon a zauna a kansu, kuma idan an cika jirgi, a sauka ko da an riga an biya.

Na san akwai mai ganin wannan duk tsoratarwa ce, tunda dubban ɗaruruwan baƙi na zuwa duk shekara su koma lafiya, kuma komai na Allah ne. Haka ne, mafi yawa lafiya suke dawowa. Sai dai malamai sun daɗe da bayyana cewa tawakkali ba ya kore riƙo da sababi, kuma yawancin matakan da aka ambata ba sa buƙatar kuɗi mai yawa. Akwai kuma mai cewa ƙasar Musulmi ce, gida ne. Lallai mafi rinjayen mutanen Zanzibar Musulmi ne, masallaci ba ya wuyar samu, kuma suna son baƙo ya yi shiga ta mutunci a cikin gari. Amma bakin ruwan Nungwi da Kendwa duniya ce ta daban, akwai mashaya, akwai kiɗan dare, akwai shigar wanka irin ta Turawa. Mai iyali ya tambayi yadda otal yake kafin ya kama, kada ya je ya wuni a ɗaki yana jin haushin kuɗinsa. Ranar wurin ma tana ƙona har baƙar fata, musamman daga hantsi zuwa la'asar, don haka a sha ruwan gora sosai, a nemi inuwa, masu zabiya kuma su ƙara kula. Akwai sauro, a ga likita kan maganin zazzaɓi kafin a tashi. Naman kunkurun teku kuwa a guje shi ko da kyauta ne, domin a Maris na 2024 ya yi ajalin mutum 9 a Pemba, 8 daga cikinsu yara.

Saboda haka, mai karatu, idan niyyar ta tabbata, ka fara da fasfo da allura, ka nemi biza da wuri, ka dubi wata, ka zaɓi gaɓar da ta dace da waɗanda za ka ɗauka. Idan ana buƙatar shaidar masauki wajen neman biza, ka kama ɗakin da ake iya sokewa ba tare da asara ba. Kuɗin da ba a mayarwa kuwa, ka riƙe abinka har sai takardar amincewa ta shigo hannunka.