Keɓaɓɓun Kalmomin Ciwon Sankara

1.0 Gabatarwa

Kalmomi uku ake kiran wannan cuta da su a Hausa, wato daji da sankara da kansa. Kansa ararriya ce daga Ingilishi. Daji kuwa ma'anarta na da faɗi ƙwarai, domin a ƙauyukan Ikara da Maƙarfi da Kudan, kamar sauran ƙasar Hausa, gyambon da ya ƙi warkewa da kumburin da ba a san dalilinsa ba duk akan ce da su daji. Akwai kuma masu cewa daji ba ya son allura, sai a tsare majinyaci a gida ana ta shafe-shafe har lokaci ya ƙure. Don haka ya wajaba malami ya tantance waɗannan kalmomi kafin ya koyar da su.

1.1 Muhimman Kalmomi

Ƙwayar halitta: mafi ƙanƙantar abu mai rai da aka gina jiki da shi. Sankara na faruwa ne idan waɗannan ƙwayoyi suka riƙa hayayyafa ba tsari, ba tsayawa.

Ƙari: dunƙulen tsokar da irin wannan hayayyafa kan haifar. Ba kowane ƙari ne sankara ba. Wani yana zaune wuri ɗaya, wani kuwa yana cin naman da ke kewaye da shi.

Yaɗuwa: tafiyar ƙwayoyin sankara zuwa wani sashe na jiki, kamar huhu ko hanta ko ƙashi. Wannan shi ne mataki na 4.

Gwajin tsoka: yankar ɗan nama a duba shi da madubin likita. Da shi ake tabbatar da cutar.

Magani: tiyata, da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, da gashi da na'ura. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, yana da sashen wannan aiki.

Rigakafi: a watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar kariya daga sankarar bakin mahaifa.

1.2 Kammalawa

Ya fi dacewa malami ya zaɓi kalmar sankara a aji, tun da ma'anarta ta fi keɓanta. Ya kuma nanata wa ɗalibai cewa kullutu a mama ko gyambon da ya daɗe, asibiti ake kai shi tun da wuri.

Jinga: Bambanta tsakanin ƙari da sankara, tare da misalai.