Yadda Makirufo Ya Sauya Muryar Mawaƙan Kudancin Indiya, Da Abin Da Mai Waya Zai Koya

Idan aka ce waƙar Indiya, yawancinmu ta fina-finai muke tunawa. Amma a kudancin ƙasar akwai wata tsohuwar waƙa ta gargajiya mai suna Karnatik, wadda cibiyarta ke birnin Chennai. A can ne aka kafa Madras Music Academy a 1928, kuma duk watan Disamba ana shafe makonni ana wasanni a ɗakunan taro. Labarin mawaƙan nan da makirufo zai amfani duk mai ɗaukar murya da waya.

Kafin zuwan lasifika

A da, mawaƙi kan zauna a wurin ibada ko fada ya rera ba tare da wata na'ura ba. Dole muryarsa ta kai ga na bayan taro, don haka maza ma suna rera da siririyar murya mai ƙarfi, saboda ita ke ratsa hayaniya. Da makirufo da rediyo suka yaɗu a shekarun 1930, wannan larurar ta kau. A hankali maza da yawa suka sauke muryarsu ƙasa. Mawaƙi irin M. D. Ramanathan, mai kaurin murya da rerawa a natse, ya samu damar a ji shi sarai.

Ribar ba ta tsaya nan ba. Ƙashin bayan Karnatik shi ne gamaka, wato karkaɗa murya da zamewa tsakanin sauti da sauti. Wannan ado ne mai laushi da ke ɓacewa idan mutum yana nesa. Makirufo ya kawo shi har kunnen mai sauraro. Sai dai masu suka na cewa na'urar ta sa wasu kasala: mai raunin numfashi ya manna baki da makirufo, a ƙara masa ƙara, a ɗauka gwani ne. Shi ya sa har yau ake shirya wasu wasanni a ƙananan ɗakuna babu makirufo kwata-kwata.

Abubuwa uku da ke faruwa a dandamali

Na farko, tazara. Duk lokacin da ka ninka nisanka da makirufo, ƙarfin sautin da ke isa gare shi yana raguwa da kusan desibel 6. Mawaƙin Karnatik a zaune yake rera, yana kaɗa kai da jiki. Idan bai kula ba, muryar za ta riƙa zuwa tana komawa. Gwanaye kuwa da gangan suke amfani da wannan: su ja baya kaɗan idan za su ɗaga murya, su matso idan za su sauka ƙasa.

Na biyu, kaurin kusanci. Makirufon da ke ɗaukar sauti ta gaba kawai, irin Shure SM58 da ya fito a 1966, yana ƙara kaurin murya idan baki ya matso sosai. Kaɗan yana da daɗi. Idan ya yi yawa, gamaka da kalmomi su cakuɗe.

Na uku, maƙwabta. Kusa da mawaƙin akwai mai goge da mai gangar miridangam, a baya kuma tambura, mai tsirkiya huɗu, tana riƙe da sauti ɗaya da mawaƙi ke daidaita muryarsa a kai. Idan aka cika wa ganga ƙara har ya daina jin tambura, zai iya kaucewa daga sautin, komai ƙwarewarsa.

Ina wayarka ta shigo?

Makirufon waya ƙarami ne, yana ɗauka ta kowane ɓangare, kuma manhajojin kira an gina su don magana, ba waƙa ba. Suna daidaita ƙara da kansu, sannan suna goge duk sautin da ya daɗe bai canja ba, a zaton ƙarar fanka ce. Abin da ke samun tambura ke nan a darasin intanet. Don haka ne Zoom ya tanadi zaɓin sauti na asali ga makaɗa.

Idan za ka ɗauki waƙa ko karatu, gwada waɗannan:

1. Bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakanin bakinka da wayar, kuma kada ka riƙa canjawa.
2. Karkatar da ita gefe kaɗan, don iskar haruffa irin su "b" da "f" kada ta buge ta.
3. Ɗora ta a kan wani abu mai laushi, kada ka riƙe a hannu.
4. Kashe rage hayaniya idan manhajar ta ba da dama, sannan ka kashe fanka.
5. Zaɓi ɗaki mai labule da katifa, ba mai tayil da bango tsirara ba.

Ka ɗauki daƙiƙa 20 da muryarka mafi ƙarfi, ka saurara da iyafis. Idan ka ji tana tsagewa, ja baya kaɗan ka sake. Gyaran numfashi da riƙe sauti kuwa sai da atisaye, don makirufo abin da ka ba shi kawai yake ƙarawa.