Kotu Uku A Kafanchan, Doka Dabam A Ikko

Mutumin da ya hau mota a Kafanchan ya sauka a Ikko bai fita Nijeriya ba, amma ya bar hannun wata doka ya shiga hannun wata. Da yawa daga cikin 'yan Arewa mazauna Kurmi ba su farga da haka sai ran da sammaci ya iske su.

Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya tara wa jama'a iri iri, Fantswam da Bajju da Atyap da Ham, ga Hausawa da Fulanin Jama'a, ga Ibo da Yarabawa. Kowa da yadda yake aure, kowa da yadda yake rabon gado. Tambayar wace doka za ta hau kan wa ba ta wasa ba ce a Jihar Kaduna, domin a kanta aka zubar da jini a Fabrairun 2000. Bayan wannan tarzoma ne gwamnatin Ahmed Makarfi, cikin 2001, ta rushe kotunan yanki, ta kafa kotunan Shari'a domin Musulmi da kotunan gargajiya domin masu bin al'ada, ta bar Majistare da Babbar Kotu a matsayinsu. Watau kotu iri uku ke nan a jiha guda.

Majistare da Babbar Kotu tsarin Ingila suka gada, inda hukuncin da kotun sama ta yanke jiya yake ɗaure ta ƙasa yau. Lauyoyi su kara, alƙali ya saurara. Amma wanda fatauci ya kai shi Maraɗi zai tarar da wani tsari, na Faransa, wanda asalinsa dokokin Rumawa ne, Nafoliyon ya tsara shi a kundi guda cikin 1804. A can abin da aka rubuta a kundi shi ne gaba, kuma a manyan laifuffuka akwai alƙali na musamman mai binciken ƙara da kansa kafin a zauna shari'a. Jamus da Masar da galibin Kudancin Amurka duk wannan gida suke. Kamaru kuwa ta haɗa biyun.

To, inda abin ya fi shafar mai karatu shi ne dokar laifuffuka. Arewa ta yi Final Kod a 1959, bisa shawarar wani kwamiti da Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat, ya shugabanta. An kwaikwayo na Sudan ne, shi kuma na Sudan daga na Indiya na 1860 ya fito. Kundin Kudu kuwa daga Kwinslan ta Ostireliya aka ɗauko shi, kuma abin mamaki, a Arewa aka fara aiki da shi a 1904, kafin a shimfiɗa shi ƙasa duka a 1916. Lambar nan 419 da ta zama sunan 'yan damfara sashe ne na wannan kundi, ba na Final Kod ba. Daga baya Ikko ta yi nata a 2011, Kaduna ta sabunta nata a 2017.

Bambancin ba na lamba kaɗai ba ne. Final Kod na 1959 ya sa zina cikin laifuffuka ga wanda al'adarsa ta haramta ta. A Jihar Yamma kuwa, a shari'ar Aoko da Fagbemi ta 1961, kotun gargajiya ta hukunta wata matar aure a kan zina, Babbar Kotu ta soke, ta ce ba a hukunta mutum a kan laifin da ba a rubuta a doka ba.

Haka batun gado. Gwamnatin Ikko ba ta kafa kotun Shari'a ba, sai dai kwamitocin sulhu na Musulmi masu zaman kansu, waɗanda sai ɓangarorin biyu sun yarda su je. Wanda kuma ya yi auren rajista ya mutu bai bar wasiyya ba, ba lalle ne a raba gidansa na Agege yadda dattawan ƙauyensu suke raba gona ba.