Abin da Ke Sa Keken Lantarki Ya Iya Hawan Tudu

Keken lantarki kan sheƙa a miƙaƙƙiyar hanya, amma da ya tunkari tudu sai ya fara nishi. Sau da yawa laifin ba na batir ba ne, na inji ne da giya.

Injin da ke cikin cibiyar taya tare yake juyawa da tayar. Idan hawa ya rage gudu, sai ya riƙa shan wuta da yawa, kuma galibinta zafi take zama; a dogon tudu wayoyinsa na iya ƙonewa. Injin tsakiya kuwa, wanda ake ɗaurawa wajen feda, ta sarƙa yake ja, shi ya sa yake cin moriyar giyar keken. Bafang BBSHD, alal misali, na ba da ƙarfin murɗawa har Nm 160. Ga mazaunin gari mai duwatsu, irin wannan ya fi dacewa, duk da tsadarsa.

Mai injin tsakiya na da gyara mai araha: ya cire farantin gaba mai haƙora 46 ya sa mai 36. Ƙarfin ja zai ƙaru da kusan kashi 28 cikin 100, sai dai gudu zai ragu.

A sauko da giya tun kafin a fara hawa, domin canza ta ana tsakiyar ja na iya tsinka sarƙa.