Mu nawa ne a Kwaya? Amfanin ƙidayar jama'a

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, mai tuwo ba ta ɗora tukunya sai ta san bakin da za su ci. Haka ita ma gwamnati. Kafin ta gina aji, ko ta haƙa rijiya, ko ta aiko da magani, sai ta tambaya: mutane nawa ne a wurin?

Ƙasarmu Nijar ta yi ƙidayar jama'a a 1977, aka samu mutum miliyan 5 da ƴan kai. A 1988 aka samu miliyan 7. A 2001 aka samu miliyan 11. A 2012 kuwa muka wuce miliyan 17. A cikinsu fiye da miliyan 3 da rabi mutanen jihar Damagaram ne.

To mu dawo gida. A 2001 Magarya da Dungas gunduma ɗaya ce, mutanenta kusan dubu 500. A 2011 aka raba su, Dungas ta samu gundumarta, Kwaya ta zauna cikin Magarya tare da Bande, Danciyau, Waca, Yekuwa da Sasumburum. Da aka ƙirga a watan Disamba na 2012, Magarya na da mutum kamar dubu 578, Dungas kamar dubu 354. In an haɗa, sun wuce dubu 930. Mutane sun kusa ninkawa, amma gonakin gero da gyaɗa suna nan yadda kakanni suka bar su.

Ba kowace shekara ake ƙidaya ba, don tana cin kuɗi da yawa. Sai ma'aikatar ƙididdiga da ke Yamai ta yi lissafi. Ƙidayar 2012 ta nuna cewa a bisa kowane mutum 100, kusan mutum 4 ke ƙaruwa a shekara. Da wannan tafiya, ƙauye mai mutum 500 zai kai 1,000 cikin shekara 18. Da irin wannan lissafi ne likita ke neman allurar rigakafin yara, da maganin zazzaɓin sauro da ake rabawa gida-gida da damina. Da shi ake sanin yara nawa za su isa shiga makaranta baɗi. Rabin jama'armu yara ne da ba su kai shekara 15 ba.

Ga inda matsalar take. Wanda ba a rubuta ba ranar ƙidaya, babu shi cikin lissafin shekarun da ke biye, shi da ƴaƴan da zai haifa. Ranar rabon gidan sauro sai kaya su ƙare, layi bai ƙare ba, a shiga zargin maigari.

Me ke sa a tsallake mutum? Wani yana tuna zamanin Turawa, lokacin da ake ƙirga kawuna don lanho da aikin tilas, sai ya ɓoye samarin gidansa. Wata tana kunyar faɗin sunan ɗan fari, sai ta yi shiru. Kunya abu ne mai kyau, amma sai a kira ƙanwarta ta faɗa. Wani ya tafi cin rani Kano ko Daura, tun da iyaka kusa take, aka manta da shi. Makiyayi kuma yana daji da bisashensa, mai ƙidaya bai san hanyar ruga ba.

Saboda haka duk ranar da masu ƙidaya suka zo, a faɗi kowa: jinjiri, tsohuwa, makaho, almajirin da ke kwana a zaure. Wanda ya yi tafiya a faɗi sunansa, su sun san inda za su rubuta shi. Arɗo ya nuna masu kowace ruga. In an yi haihuwa kuma, a sanar da wurin rajista a karɓi takardar haihuwa tun yaro yana goye.